Ƙafar da Na'ura Ba Ta Kama Ba

Bari in rage wa mai karatu wahala tun daga farko: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba sai ka je nemansa cikin ma'aikatan asibiti ba, ko da yake in ka leƙa can ɗin ma ba za ka dawo hannu rabbana ba. Abin da aka yi ta ja a kansa kuwa ƙafata ce ta dama, ƙafar totur da birki, wadda ta ci da ni da iyalina tun ina saurayi.

Ni tsohon direban gwamnati ne. Bokona a aji huɗu ya tsaya, daidai abin da zai ishe ni karanta allon hanya da sa hannu a takardar mai. Amma duk wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jin manya suna Turanci a bayan mota, a hankali sai ya fara ɗaukar kansa mai digiri. Da na yi ritaya na zauna a Nasarawo, ni ne masanin majalisarmu. Siyasa, farashin taki, ciwon ƙoda, duk ni ake tambaya, in ba a tambaye ni ba ma ina amsawa.

Ciwon ya fara ne da abin da bai kai a faɗa ba. Salansar acaɓa ce ta lashe ni sama da idon sawu, ina saukowa a ƙofar gida. Ƙuna ce kamar faɗin bakin kofi. Ina da suga, kuma na busa taba a shekarun tuƙi fiye da yadda motar ta yi hayaƙi, amma ban ga abin da ya haɗa waɗannan da ƙunar salansa ba. Tsohuwata, wato matata, ta shafa zuma. Na fasa kafso na barbaɗa garin. Wani ya kawo saiwa, wani ya kawo toka. Damina ta zo ta wuce, ƙuna ta zama gyambo, ya zauna daram kamar ɗan haya da ya san mai gida ba shi da ƙarfin korarsa.

A majalisar akwai wani Babarbare mai sayar da busasshen kifi, wanda ya taho da iyalinsa daga Borno lokacin da garinsu ya ƙi zaunuwa. A unguwar Malam Inna yake kwana, amma a wurinmu yake yini. Ni Bafillace ne, saboda haka tun ranar da muka haɗu na sanar da shi cewa shi bawana ne, shi ma ya sanar da ni cewa kakansa ne ya sayi kakana da ƙwaryar gero. Shi ma yana da gyambo, nasa ma ya girme nawa, ƙafar a kumbure kamar turmi. Muna zaune kusa da juna, ƙudaje suna raba kansu tsakaninmu da adalci.

Sai ya ci amanata, ya je asibiti. Ya dawo da ƙafa a naɗe tun daga tushen yatsu har ƙasan gwiwa, bandeji kan bandeji, fari tas, a matse kamar ganga. Ya ce an kawo wata sabuwar na'ura da ke auna gudun jini a ƙafa, an kwantar da shi an auna, aka ce jininsa na sauka lafiya, komawa sama ne yake masa wuya, don haka za a riƙa matse ƙafar. Na yi masa dariya har na ƙware. Bayan wasu watanni dariyar ta koma wurinsa. Kumburi ya saɓe, gyambo ya tsuke, ya tsuke, ya zama tabo. Ya sayi takalmi sau-ciki ya zo majalisa da shi, yana ɗaga ƙafa ba dalili.

"Ɗan Fillo," ya ce, "ƙudajena ma na bar maka gado. Ka riƙe su amana."

Wannan maganar ce ta kai ni asibiti, ba ciwon ba.

Muka hau keke mai ƙafa uku ni da tsohuwata. Bayan dogon zaman benci aka shigar da mu wani ɗaki mai gado ɗaya. Nas ɗin yarinya ce 'yar kudancin Gombe, da ƙaramin gicciye a wuyanta, sa'ar jikata ta fari. Na gaya mata cewa da ta zo duniya da wuri da ita ce uwargida. Ta ce, "Baffa, kwanta tukun, ma yi maganar sadaki daga baya." Tsohuwata ta zauna a kujerar lungu ta rungume jakarta.

Ta kwantar da ni rigingine, ba matashi, ta ce in huta. Ta wanke gyambon ta rufe shi da wata leda mai laushi. Sannan ta ɗaura min irin abin awon hawan jini a damtse, ta ɗaura ɗaya a kowane idon sawu, duk da tiyo zuwa wani ƙaramin akwati mai fuskar waya.

"Ba motsi, ba magana, sai na ce."

"Motsin zan iya," na ce.

"Ga dama ta samu," in ji tsohuwata daga lungu. "Ki bar shi a ɗaure har la'asar."

Akwatin ya yi gurnani, abubuwan suka kumbura tare suka matse ni, suka saki a hankali. Yarinyar ta duba fuskar na'urar. Gefen hagu lamba ta fito. Gefen dama babu lamba, sai wani jan rubutu. Ta gyara ɗaurin ta sake. Jan rubutu. Ta ɗan matsa da shi sama, nesa da gyambon, ta sake. Jan rubutu dai.

A nan ne ya kamata in yi wa mai karatu bayanin abin da ke cikin kaina, don kada ya ɗauka wautar tawa ba ta da tushe. Tana da tushe, har da reshe. Mu tsofaffin garin nan mun saba da na'urar da ba ta kama mu. Duk lokacin tantance 'yan fansho sai an jera mu a rana, ka dangwala babban yatsa a gilashi, na'ura ta ce ba ta san ka ba. Sitiyari ya cinye zanen yatsana tuntuni. Sai ka goga yatsan a goshi, ka goga a bango, ka hura masa iska, wani ma ya lasa. In an gaji sai jami'in ya ce, "Baba wuce, netwok ne," ya rubuta sunanka da biro. Ranar zaɓe haka. A banki haka. Na'ura ba ta taɓa ƙin kama ni ba ya zama wai ni ne ba ni da lafiya. Kullum ita ce ba ta da lafiya, kullum kuma daga ƙarshe ana ce min in wuce.

Saboda haka na ɗago kai na ce, "'Yata, kawo ƙafar in goga a goshi, yanzu za ta kama."

Ba ta yi dariya ba. Ta kwance abubuwan, ta ɗora yatsunta a bayan ƙafata tana lalube, ta koma bayan idon sawu, ta daɗe. Ta taɓa ƙafar hagu da bayan hannu, ta taɓa ta dama, ta sake taɓa ta hagu.

"Baffa, in kana tafiya, sha-raɓarka tana riƙewa har sai ka tsaya?"

"Ni? Gaisuwa ce ke tsayar da ni. Mutum ne ni mai jama'a."

Gaskiyar ita ce tsakanin gidana da masallaci babu mai shagon da ban zama abokinsa dole ba. Ina tsayawa in tambayi lafiyar iyalin mutumin da ban san ko yana da iyali ba, har ƙafar ta sake ni.

"Barci fa? A gado kake yi?"

"A kujera yake kwana," in ji tsohuwata. "In ya miƙe ƙafar sai ya tashi yana salati. Sai ya sauke ta ƙasa yake samun sa'ida."

"Iska nake sha," na ce. "Ke aka kwantar ko ni?"

Yarinyar ta jawo kujera ta zauna, abin da ma'aikacin asibiti ba ya yi sai magana ta yi nauyi. Ta ce a ƙafa akwai hanyar da ke kawo jini, akwai wadda ke mayar da shi. Mai gyambon da hanyar komawarsa ce ta yi sanyi, matsewa na taimakonsa. Wanda kuwa hanyar kawowa ce ta toshe, ɗan abin da ke ɗigowa ne ke riƙe da ƙafar, in aka matse an kashe ta. Ta ce wannan na'urar in ta kasa ba da lamba ba sa cewa ta lalace, don sau da yawa jinin ne ya yi rauni har ba ta jin bugunsa. Akwai wata ƙarama ta hannu da likita ke ɗorawa ya saurari jinin da kunnensa, sai an yi wannan kafin a san abin yi.

Na ce mata na gane, ai kamar tiyon mai ne da tiyon ruwa, na kuma ƙara mata da ɗan bayani kan kafireto wanda ba ta nema ba. Kunnena ya ji duk abin da ta faɗa. Sai dai na ajiye shi a inda nake ajiye maganar ma'aikata, wurin da "dawo gobe" da "fayil ɗinka na kan tebur" suke.

Ta sa min ɗan ƙyalle da auduga, ta naɗa sako-sako kamar mai tsoron kada ƙafar ta farka. Ta juya wajen tsohuwata, ba wajena ba, ta ce, "Mama, kada kowa ya matse ƙafar nan. Ko waye." Ta faɗi ranar da likitan ke zama.

Na koma majalisa da ɗan ƙyallena. Babarbare ya duba ya ce, "Wannan ai ko yankan farce ya fi shi samun girma. Sun ga ba ka kai a ɓata bandeji a kanka ba."

To, yanzu ga rabon asibiti a cikin labarin, don ba zan ɗauke musu nasu kayan ba. Ranar da aka ce, na koma. Aka ce likitan ya tafi taron bita. Na sake komawa, likita na nan, amma ƙaramar na'urar tana cikin kabad, makullin yana hannun wani da ya tafi jana'iza ƙauye. Na sake komawa, makulli ya dawo, likita yana tiyata, da ya fito aka ce lokaci ya ƙure. Kowace tafiya sai na yini a benci, ƙafa na zafi, ina kallon hoton ranar da aka ƙaddamar da babbar na'urar a jikin bango, manya sun jeru da babbar riga suna yanka zare. Ita an yi mata rumfa da kujeru. Ƙaramar da ake buƙata idan babbar ta yi shiru, ba wanda ya san ma a hannun wa take. Yarinyar nan kuwa an mai da ita wani sashe, ban sake ganinta ba.

A zuwan ƙarshe na tsaya wurin mai ba da kati ina ƙorafi. Mutumin kirki ne, yana so ya kwantar min da hankali. Ya ce, "Baba, kada ka damu, na'urar nan haka take, wani sa'in ba ta kamawa. Ka san kayan zamani."

Na ji kamar an ce min "wuce". Daga nan kemis na nufa, na sayi bandeji mai roba, irin mai miƙewa, naɗi-naɗi har na cika leda.

Na fara tuntuɓar bawana ya nuna min yadda ake yi masa. Ya ƙi.

"Ni sai da aka auna ni aka ɗaure."

"Ni ma an auna ni."

"Kai an auna ka ba a samu komai ba. Dama na faɗa, Bafillace ba shi da jini, nono ne."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da ya ga da gaske nake sai ya rage murya ya ce in bari in ga likitan. Na ce masa bawa ba ya son ubangidansa ya sa takalmi irin nasa.

A gida na zube bandejin a tabarma na ce wa tsohuwata ta zo ta naɗa. Ta duba ledar, ta dube ni.

"Yarinyar nan ta ce kada a matse."

"Yarinyar nan ba ta san yadda na'ura take ba. Ni na san na'ura."

"Ta ce ko waye."

"Ni ba 'ko waye' ba ne, ni ne mai ƙafar."

Ta ce hannunta ba zai taɓa ba. Ta faɗa a hankali, ta faɗa da ƙarfi. Da abin ya ishe ta sai ta koma Fulatanci, yaren da ba ta yi min sai zance ya kai maƙura, ta kira sunan mahaifiyata ta roƙe ni da darajarta. Na ce mata ta je ta duba tukunya.

Na naɗa da kaina. Mutumin da ya ɗaure buhunan manya a kan mota daga nan har Yola ba tare da ko ɗaya ya zame ba, bandeji ba zai gagare shi ba. Na fara daga tushen yatsu, ina ja ina zagayawa, ina ja ina zagayawa, har ƙasan gwiwa, na ƙara wani a kai. Ya fito fes, ya fi na Babarbare kyau.

Washegari na je majalisa a keke, don nisa ya ɗan ƙaru, na miƙe ƙafa a gaban jama'a. Ruwan da ke tsatsowa ya tsaya. Ɗan kumburin ya faɗa. Na yi wa majalisa lacca kan yadda asibitocinmu ke raina basirar talaka. Ƙafar tana ci kamar an zuba garwashi a ciki, amma na san magani mai aiki dole ya yi zafi. Bayan 'yan kwanaki zafin ya ragu, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Na koma kwana a gado a karo na farko tun damina. Na gaya wa tsohuwata cewa ta shirya neman gafara.

Ita ce ta ga yatsun. Da safe ne, ina shan koko a tsakar gida, ta sunkuya za ta ɗauki kwano sai ta tsaya. Ta kama babban yatsan ta murza. Ban ji ba. Na leƙa, na ga sun yi launin ɗanyen kwalli, ƙaramin ya fara baƙi. Na ce inuwa ce. Ta yafa mayafi ta fita, ta dawo da keke har ƙofar gida da babban ɗanmu, suka ɗauke ni kamar buhu, ina faɗa musu cewa ban gama koko ba.

Abin mamaki, ran nan makullin kabad yana nan. Likita yana nan. Batirin ƙaramar na'urar ma yana nan. Aka sa almakashi aka tsarge aikina tun daga gwiwa har ƙasa, wari ya cika ɗakin. Likitan ya shafa wani mai a ƙafar hagu ya ɗora ƙaramar na'urar, sai ga ƙara tana fita, fuu, fuu, fuu, kamar mai hura wuta. Ya koma ta dama. Ya matsa nan, ya matsa can, ya hau sama. Ɗakin ya yi tsit har ina jin keke na wucewa a titi. Abin da na yi ta zarya a kansa ke nan, bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba.

Yarinyar nan ta shigo a tsakiyar haka, wani ya gaya mata. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ƙafar, ta dubi tarin bandejin da ke ƙasa. Na shirya mata wasa, na buɗe baki, sai ta wuce ni ta je ta dafa kafaɗar tsohuwata.

Sun fara da yatsu, suna fatan abin zai tsaya nan. Bai tsaya ba. Suka yanke ƙasan gwiwa. Likitan ya gaya min gaskiya, ya ce ko ba ɗauri ƙafar tana cikin haɗari, hanyar jinin ta daɗe da tsukewa, amma da akwai abin gwadawa, ɗaurin ne ya rufe ɗan abin da ya rage. Na riƙe rabin farko na maganar da kyau. Rabi na biyu na bar masa a asibiti.

Ɗana ne ya karɓi ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, ya kai ta maƙabarta ya haƙa mata rami, ba salla, ba jama'a. Ya dawo ya ce min an rufe ta lafiya. Na tambaye shi ko ya sa alama, don in lokaci ya yi kada a kai ni wata unguwa in tashi ina nemanta. Ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Babarbare ya zo dubiya da ƙullin kifi. Ya cire takalmin nan nasa tun daga zaure ya shigo ba takalmi. Na jira ya ce wani abu kan Bafillace mai ƙafa ɗaya, na ma tanadi amsa. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Sannu, Malam. Allah ya sa kaffara ne." Malam. Tunda muka haɗu bai taɓa ce min Malam ba. Wuƙar likita an yi min allura kafin ta shiga, wannan kuwa haka na ji ta.

Amma baki ba a yanke shi ba. Da na fara zama a zaure, 'yan majalisa suka riƙa zuwa bayan la'asar, na koma bakin aikina. Na yi bayanin makulli da jana'iza da taron bita, kuma duk gaskiya ne. Na yi bayanin rumfa da yankan zare. Wata rana zauren ya cika, har da maƙwabcinmu malamin makaranta da ya taso daga coci ya biyo, sai na ɗauko babban batu. Na ce asalin laifin na waɗanda suka ƙera na'urar ne. Ka kawo abu garin Gombe, ka sa shi ya riƙa jan rubutu da Turanci, wa ka yi wa? In da sun san aikinsu da sun sa mata murya. Da ta buɗe baki ta ce min da Hausa, "Kai tsoho, jini ba ya isa ƙafarka, kada ka ɗaure," wallahi da yanzu da ƙafata nake zaune.

Mutane suna ta gyaɗa kai. Tsohuwata ta shigo da butar shayi, ta durƙusa ta ajiye a gaban baƙi, ta jera kofuna. Ba ta ko dube ni ba.

"Na faɗa maka da Hausa," ta ce, "na faɗa maka da Fulatanci. Wane yare ne ya rage?"